Kontak Lens a Legas: Yadda Ake Sanyawa, Cirewa, Wankewa da Ajiyewa

Kontak lens ɗan siririn faifai ne da ake ɗorawa kai tsaye a kan baƙin ido, ya yi aikin tabarau, ko ya canza launin ido don kwalliya. Samunsa a Legas ba wuya. Akwai shi a asibitocin ido da shagunan tabarau na Ikeja da Surulere da Lekki, akwai shi kuma a teburan kayan kwalliya na Balogun da Trade Fair da shafukan Instagram, inda za a miƙo maka shi a leda ba a tambaye ka komai ba.

Wurin da yake zama shi ne fatar nan mai garai-garai da ta lulluɓe baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya. Kaurinta a tsakiya kimanin rabin milimita ne, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta, iskar oksijin kuwa daga iskar waje take samu ta cikin hawaye. Lens yana rage mata wannan iskar, kuma duk abin da ya shige ƙarƙashinsa, ƙura ce ko ƙwayar cuta, sai ya danne shi a jikinta na tsawon awanni, hawaye ba su samu sun wanke ba. Duk ƙa'idojin da ke ƙasa daga waɗannan abubuwa biyu suka fito.

Gwaji tukuna

Ba a sayen lens da takardar tabarau. Tabarau yana zama ne kimanin milimita 12 daga ido, lens kuwa a jikin idon yake, shi ya sa daga lamba 4.00 zuwa sama ƙarfinsu yake bambanta: mai tabarau -6.00 yawanci -5.50 zai samu a lens. Sannan akwai lambobin da ba sa cikin takardar tabarau ko kaɗan. A jikin kwalin za ka ga BC, lanƙwasar lens ke nan, galibi tsakanin 8.3 da 9.0, da kuma DIA, faɗinsa, wajen milimita 13.8 zuwa 14.5. Wanda koniyarsa ba ta yi zagaye daidai ba zai ga ƙarin CYL da AXIS, lambobin gyara wannan matsalar, waɗanda su kam akwai su a takardar tabarau ma. Wanda ya haura shekara 40, har ya fara nesanta waya da fuska kafin ya karanta saƙo, zai ga ADD.

Lens ɗin da ya yi sako-sako yawo yake a ido, gani ya riƙa zuwa yana ɗaukewa da kowace ƙiftawa. Wanda ya matse ya fi shi sharri, domin da safe daɗinsa za ka ji, kamar babu komai a idon, sai yamma ta yi ido ya kaɗa ya yi ja saboda hawaye ba sa zagayawa a ƙarƙashinsa. Ba a gane wannan a madubi. Sai an sa maka lens na gwaji, ya zauna na ɗan lokaci, a duba da na'urar haska ido a ga yana ɗan motsi, ƙasa da milimita 1, idan ka ƙifta.

Mai wannan aiki likitan gwajin ido ne da ke da rajista da ODORBN, hukumar da aka kafa a 1989 don kula da masu sana'ar, ko kuma likitan ido na asibiti. Faɗa masa gaskiyar halin da kake ciki: ciwon suga, ƙaiƙayin ido na kullum, bushewar ido, juna biyu, da irin aikin da kake yi. Mai gasa tsire a Obalende da ma'aikacin banki a Marina ba shawara ɗaya za a ba su ba. Kada ka bar wurin sai ka sa lens ɗin ka cire da hannunka a gabansa, kuma ka koma bayan mako 1 ko 2 a sake dubawa. Tabarau ɗinka kuma kada ka kyautar. Duk mai lens yana bukatar tabarau mai lamba daidai a cikin jaka.

Wane iri

Lens mai laushi shi ne na mafi yawan mutane. Otto Wichterle, wani masanin haɗa sinadarai a birnin Prague, shi ya gano hanyar ƙera shi a 1961, ya shiga kasuwar Amurka a 1971. A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da mai haɗin silikon, wanda ke barin iska ta ratsa ninkin-ba-ninkin na da. Idan za ka riƙa wuni da lens a ido, mai silikon za ka nema.

Ta fuskar wa'adi, akwai na kwana 1 da ake yarwa da dare, na kwana 14, da na kwana 30. Ƙidayar tana farawa ne daga ranar da aka ɓare murfin, ba daga yawan ranakun da aka sa ba. Lens na wata da aka ɓare ranar 3 ga wata ya gama aiki ranar 2 ga watan gobe, ko da sau 5 kacal ya shiga ido. Rubuta ranar a jikin kwali.

A ganinmu, mazaunin Legas da aljihunsa zai iya, na kwana 1 ya fi masa: babu wanki, babu mazubin ajiye shi da dare, babu ruwan jiƙo, galibin hanyoyin kuskure sun toshe. Tsadarsa ita ce matsalar, domin mai sawa kullum zai ci guda 60 a wata. Amma wanda sai ranar biki ko ranar ƙwallo yake sawa, na kwana 1 ma ya fi masa sauƙi a kuɗi. Na wata kuwa guda 24 ne a shekara, sai dai a haɗa da kuɗin ruwan wanki a lissafi tun farko, don a nan ne mutane ke fara tsumulmula.

Akwai kuma mai tauri, ƙarami, faɗinsa wajen milimita 9 zuwa 10, wanda yakan kai shekara ko fiye. Ana ba masu koniyar da ta yi tsini da makamantansu. Yana ɗaukar makonni kafin ido ya saba da shi, ruwan wankinsa daban ne, kuma ƙura na shiga ƙarƙashinsa da sauƙi.

Ruwa

Idan abu ɗaya za ka riƙe, to wannan ne: ruwa ba ya taɓa lens, ba ya taɓa mazubinsa, ba ya shiga idon da lens ke ciki. Ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse, na 'yan garuwa, fiya wata, ruwan gora mai tsada, ruwan da aka tafasa ya huce, duk hukuncinsu ɗaya. Yawu ma haka. Abin da aka yarda ya taɓa shi shi ne ruwan lens, wato ruwan magani na kwalba da aka yi musamman don wanke shi da jiƙa shi.

Dalili na farko wata ƙwayar halitta ce da ake kira Akantamiba. Tana rayuwa a ƙasa da cikin ruwa, tana son tankin da ruwa ke kwanciya da cikin bututu. Idan wuri ya yi mata tsanani sai ta dunƙule ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, wanda kulorin da ake sa wa ruwan sha ba ya kashewa. Shan ta ba ya yi wa mai lafiya komai, shi ya sa ruwa zai iya zama garau, mai kyaun sha, amma ya zama guba ga lens. Tana mannewa a jikinsa, ta samu ɗan ƙarzanen da ke kan koniya ta shige. Ciwonta na da zafin da ya wuce abin da ake gani a idon, a farko kuma sau da yawa a ɗauka wani ciwon ne daban. Maganinsa watanni ne, ana farawa da ɗiga magani kowace awa dare da rana, wasu kuma sai an kai ga dashen koniya. Yanzu duba yadda ruwa ke zuwa gidajen Agege da Mile 12 da Alaba Rago: daga burtsatse zuwa tankin da ke kan rufi yana shan rana, wanda ba a cika wankewa ba, daga nan zuwa jarka, daga jarka zuwa bokiti.

Dalili na biyu, lens mai laushi ruwa ne babban ɓangarensa, daga kashi 38 cikin 100 har sama da 70 a wasu. Ruwan da ba shi da gishiri daidai da na hawaye yana kumbura shi, ya canza masa siffa, ya manne a ido, wajen cirewa ya ƙarji koniya. Ga ƙarzane, ga ƙwayar cuta a wuri guda.

Saboda haka ana cire lens kafin wanka, har da wankan tsarki. Ba a shiga teku da shi a Elegushi ko Tarkwa Bay, ba a shiga wurin ninƙaya na otal. Idan ruwan sama ya doke ka a fuska, ko danfo ta watso maka ruwan kwata a damina, cire shi da zarar ka samu wurin wanke hannu: na kwana 1 a yar, na wata a murza a jiƙa har kwana kafin a sake sawa.

Sai alwala, tambayar da kowa ke yi. Malaman fiƙihu, har da na mazhabar Malikiyya, ba su sanya cikin ido a cikin abin da ake wankewa ba, don haka lens ba ya hana alwala inganta. Abin kiyayewa na lafiya ne. Runtse ido sosai lokacin wanke fuska, kada ka watsa ruwan da ƙarfi, shafa shi za ka yi da tafin hannu, sannan ka tsane gashin ido da tishu mai tsabta kafin ka buɗe. Da asuba a yi alwala tukuna, a tsane hannu, sannan a sa lens. Kuma kada ka gyara lens da yatsan da ruwan buta bai bushe a kansa ba.

Sanyawa

Yanke farce. Wanke hannu da sabulu na tsawon daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Sabulun ya zama marar mai da turare mai yawa, domin man yana bin yatsa ya shafe lens, ka wuni kana gani dishi-dishi. Tsane hannun ƙarau da tawul mai tsabta marar zubar da zare, ko tishu mai kauri. Wannan tsanewar ba ƙaramin mataki ba ce, tunda ruwan da ka wanke hannun da shi, shi ne ruwan da muka gama magana a kansa. Man shafawa, basilin, man kaɗanya da humra duk sai bayan an sa lens.

Masu taɓa attaruhu da barkono, a kicin ne ko a kasuwar Mile 12, su sani cewa sinadarin yajin yana zama a fatar yatsa na awanni, wanki ɗaya ba ya fitar da shi. A sa lens kafin a taɓa kayan miya. Da dare, kafin cirewa, a murza yatsun da ɗan man girki, a wanke da sabulun wanke-wanke sau 2, a tsane.

Zauna a gaban madubi a kan tebur mai tsabta. Idan a kan kwanon wanke hannu ne, toshe ramin. Kullum fara da idon dama, don kada na dama da na hagu su cakuɗe, tunda sau da yawa lambarsu ba ɗaya ba ce.

Zamo da lens daga mazubi da tsokar yatsa, ba da farce ba, ka ɗora shi a kan manuniya. Ɗaga shi saitin haske ka dube shi ta gefe. Idan ya tsaya kamar ƙoƙo, bakinsa na kallon sama, daidai yake. Idan bakin ya baje waje kamar na faranti, a juye yake, sai ka birkice shi. Duba kuma ko akwai yagewa, zare ko ɗigon datti. Mai datti a ɗauraye da ruwan lens, wanda ya yage a yar, komai ƙanƙantar yagewar. Yatsan ya zama a bushe, lens ɗin a jiƙe. Idan yatsa ya jiƙe, lens zai kwanta a kansa ya ƙi komawa ido, kuma wannan ne ke ba sababbin shiga wahala fiye da komai.

Da ɗaya hannun, zagayo ta saman kai ka kama fatar ido ta sama daga gindin gashin ido, ka danne ta a ƙashin gira. Idan ta tsakiya ka kama, idon zai ƙifta duk da haka. Da yatsan tsakiya na hannun da ke ɗauke da lens, ja fatar ƙasa. Buɗe idanu biyun, kalli madubi, ka kawo lens a hankali har ya taɓa ido. Da kansa zai bar yatsa. Kada ka saki fatar nan take. Kalli ƙasa, kalli dama da hagu don iskar da ke ƙarƙashi ta fita, saki fatar ƙasa, sannan ta sama, ka ƙifta a hankali. Rufe ɗaya idon ka kalli abu mai nisa don ka ji ko ya zauna.

Ɗan jin baƙon abu da hawaye na 'yan daƙiƙu ba komai ba ne. Idan suka ko raɗaɗi ya wuce minti 1, cire, ɗauraye, duba ko a juye yake, sake sawa. Ya sake yi, ajiye shi ka ɗauki tabarau.

Sabon shiga ya fara da kimanin awa 4 a ranar farko, ya riƙa ƙara awa 2 kullum har ya kai abin da likita ya yanke masa, galibi awa 10 zuwa 12. A Legas lissafin nan da hanya ake yin sa. Wanda ya bar Ikorodu ƙarfe 5 na asuba, bai dawo ba sai 10 na dare, ya yi awa 17. Irin wannan ya fita da tabarau, ya sa lens a wurin aiki, ko ya cire kafin ya kamo hanyar gida.

Cirewa

Wanke hannu ka tsane kamar ɗazu. Kalli sama, ja fatar ƙasa da yatsan tsakiya, ɗora manuniya a gefen lens na ƙasa ka zamo da shi kan farin ido. A nan za ka tsunkule shi a hankali da tsokar manuniya da babban yatsa. Ba a tsunkular sa yana kan baƙin ido, don a nan ne farce ke yin ɓarna. Idan ya bushe ya ƙi motsi, ɗiga ruwan jiƙa ido na masu lens sau 2 ko 3, rufe ido, jira 'yan mintuna, sannan ka gwada.

Lens ba ya zagayawa bayan ido. Akwai fatar da ta haɗe farin ido da cikin fatar ido, babu hanya. Idan ya ɓace, ko ya faɗi ƙasa ko ya naɗe a ƙarƙashin fatar sama. Ɗiga ruwan jiƙa ido, kalli ƙasa sosai, ka shafa fatar sama a hankali daga gira zuwa ƙasa. Bai fito ba, je asibiti; kada a bi shi da tsinken auduga ko bakin hankici.

Wanki da ajiya

Ana wanke lens ne da zarar an cire shi, ba da safe ba. Ɗora shi a tafin hannu, zuba masa ɗigo 3 zuwa 4 na ruwan lens, ka murza da yatsa gaba da baya kimanin daƙiƙa 20, ciki da waje. Murza ko da an rubuta a kwalbar cewa ba sai an murza ba, domin murzawar ce ke ɓamɓare maiƙo da furotin na hawaye da ƙwayoyin da suka manne. Ɗauraye da ruwan lens kamar daƙiƙa 5 kowane gefe, sa shi a ɓangarensa na mazubi, R dama, L hagu, cika da sabon ruwa har ya nutse, ka rufe. Gama da na dama kafin ka ciro na hagu. Jiƙon yana bukatar aƙalla awa 4 zuwa 6, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar.

Kada a ƙara sabon ruwa a kan na jiya. Ruwan da ya kwana ya riga ya ƙarar da ƙarfinsa, sabon da ka zuba sai ya tsinke a cikinsa. A 2006 an janye wani ruwan lens daga kasuwannin duniya bayan ɓarkewar ciwon ido na naman gwari mai suna Fusariyum, kuma sake amfani da tsohon ruwa a mazubi na cikin halayen da aka gani a wurin waɗanda suka kamu. Kwalba mai mililita 360 takan ƙare cikin wata 1 zuwa 2 ga mai sawa kullum. Idan taka tana kai wata 4, akwai matakin da kake tsallakewa.

Mazubin shi ne wurin da datti ya fi taruwa, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Da safe bayan ka sa lens, zubar da ruwan duka, zuba sabo kaɗan ka murza cikin da yatsa mai tsabta, ɗauraye da ruwan lens, goge da tishu, ka kife shi a kan wani tishun, murafan a buɗe. Santsin da kake ji a cikin tsohon mazubi shimfiɗar ƙwayoyin cuta ce, wadda ruwan lens ba ya iya ratsawa. Kada a ajiye shi a banɗaki. Laimar Legas kaɗai ta isa ta hana shi bushewa, balle a haɗa da tururin wanka. A canza shi duk wata 3, ko duk sanda aka buɗe sabuwar kwalba, wanda ya fara zuwa.

Bakin kwalbar kada ya taɓa yatsa, lens ko tebur, kuma a rufe bayan kowane amfani. Kada a juye ruwan a wata 'yar kwalba don tafiya, akwai ƙananan da ake sayarwa a rufe. Kada a bar ta a cikin mota a rana. Yawancinsu ana zubarwa wata 3 bayan buɗewa. Wajen saye, duba ranar ƙarewar wa'adi, lambar NAFDAC, da hatimin murfi. Ruwan gishiri na kemis ɗauraya kawai yake yi, ba ya kashe ƙwayar cuta. Wanda aka haɗa a gida kuwa hanya ce ta kai tsaye zuwa Akantamiba.

Akwai wani nau'in ruwan mai sinadarin haidurojin feroksaid kashi 3 cikin 100, wanda bakin kwalbarsa ja ne. Yana wanki sosai, ya kuma dace da wanda sauran ruwan ke sa wa ƙaiƙayi. Amma yana zuwa da mazubinsa na musamman mai ɗan faifai a ƙasa, wanda ke kashe kaifin sinadarin cikin awa 6. A ajiye shi a tsaye, kada a ciro lens kafin awannin su cika, kada a zuba ruwan a mazubi na yau da kullum, kada a ɗauraye lens da shi a sa a ido. Wanda ya yi kuskuren zai ji ƙuna nan take: ya cire lens, ya wanke idon da ruwa mai tsabta mai yawa, don a wannan halin fitar da sinadarin ne gaba da komai, kuma kada lens ya koma idon a ranar. Feroksaid na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis ba ya maye gurbinsa.

Barci

Ido a rufe iskar da koniya ke samu ta riga ta ragu, ga lens a kai, ga ɗumi, ga hawaye ba sa gudu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kwana da lens yana ninka haɗarin kamuwa da ciwon koniya sau 6 zuwa 8. Ƙwayar da aka fi tsoro a nan ita ce Sudomonas, wadda kan iya cin koniya cikin kwana 1 zuwa 2. Ƙailula bayan azahar barci ce, gyangyaɗi a BRT a cunkoson gadar Third Mainland ma barci ne. Mai hawa motar dare zuwa Kano ko Sakkwato, da direban tanka da ke kwana a layi a Apapa, tabarau ne nasu. Akwai lens da aka amince a kwana da shi, amma haɗarin bai gushe ba, kuma likita ne ke yanke wannan.

Idan barci ya sace ka, kada ka fizge shi da farkawa. Ɗiga ruwan jiƙa ido, ƙifta, jira minti 5 zuwa 10 har ya fara motsi, ka cire, ka wuni da tabarau.

Kwalliya da lens mai launi

Lens ake fara sawa kafin kwalliya, shi ake fara cirewa kafin a goge ta. Ki rufe ido lokacin shafa hoda da fesa turare, ki guji maskara mai zubar da zare-zare, ki bar gam ɗin gashin ido na kanti ya bushe kafin ki buɗe ido sosai. Kwalli a cikin bakin fatar ido ba ya tafiya da lens: garinsa yana shiga ƙarƙashi, yana kuma toshe ƙananan ƙofofin da ke fitar da maiƙon da ke hana hawaye bushewa. Wanda ake niƙawa daga dutse ma sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Idan za a ja layi, a ja ta wajen gashin ido. Turaren wuta kuma a turara kaya da ɗaki kafin a sa lens.

Lens mai launi, ko da babu lamba a jikinsa, gwaji ɗaya yake bukata da na gani, kula ɗaya. Da yawa daga na tebur faɗinsu ya wuce kima, iska ba ta ratsa su sosai, wasu kuma fentin a saman lens ɗin yake, yana gogar ido. Araha ba ta ado. Amarya ta yi gwaji ta sayi nata makonni kafin biki, ta koyi sawa da cirewa da hannunta. Kada ta karɓi wanda mai kwalliya ta ciro daga jakarta, domin ba ta san idon da ya fito ba, kuma ba a aron lens ko tsakanin ya da ƙanwa. Daren biki, duk gajiya, a cire kafin a kwanta.

Ƙura, hayaƙi da bushewa

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu kan leƙo Legas da ƙura da busasshiyar iska. Sauran shekara akwai hayaƙin janareta da na manyan motoci, da sanyin esi a ofis. Sa baƙin tabarau a kan lens idan za ka hau babur ko ka zauna bakin taga, kawar da iskar fanka da ta esin mota daga fuskarka. Mai kallon kwamfuta ba ya ƙifta ido yadda ya kamata. Duk minti 20 ya kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ya ƙifta da gangan. Ruwan jiƙa ido ya zama wanda aka rubuta cewa ya dace da lens, mafi kyau marar sinadarin adanawa. Sauran magungunan ɗigawa sai an cire lens, a jira minti 15 kafin a mayar. Masu sa ido ya yi fari kuwa ɓoye alama kawai suke yi. Idan abu ya faɗa ido, kada a murtsuke, a cire lens a ɗauraye. Ranar da kake mura mai zafi, ko afolo ta shigo gida, bar lens gaba ɗaya.

Lokacin zuwa asibiti

Ja, zafi, kasa kallon haske, gani dishi-dishi, hawaye ba tsayawa, kwantsa, ko ɗan farin ɗigo a kan baƙin ido: da ganin ɗaya daga ciki, cire lens. Idan ƙura ce ko bushewa, cikin awa 1 zuwa 2 ido zai lafa. Idan bai lafa ba, ko zafin na ƙaruwa, ko akwai farin ɗigon nan, a ranar za a ga likitan ido, ba gobe ba. Akwai cibiyar ido ta Guinness a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja, ga kuma asibitocin ido masu zaman kansu. Tun a teburin karɓar kati ka ce kana sa lens, don jan idon mai lens ba a ɗaukar sa kamar na kowa.

Tafi da lens ɗin a cikin mazubinsa, da kwalbar ruwan, da kwalin, domin ana iya gano ƙwayar daga jikinsu. Kada a rufe idon da bandeji. Kada a ɗiga ruwan suga, nonon mai shayarwa, ruwan albasa ko wani haɗin gida. Kada kuma a karɓi maganin ɗigawa a kemis ba da takardar likita ba: da yawansu akwai sitiroyid a ciki, irin su dekzametason da betametason, waɗanda ke kwantar da ja da zafi na kwana biyu alhali ƙwayar na ƙara nutsawa.

Bayan an warke, likita ne zai faɗi ranar komawa lens, kuma da sabon lens, sabon mazubi da sabuwar kwalba ake komawa. Wanda ba ya jin komai ma ya je a duba shi sau 1 a shekara, domin ƙarancin iska yana sa jijiyoyin jini su fara kutsowa cikin koniya daga gefe, gogar lens da dattin da ke taruwa a jikinsa kuma kan sa ƙuraje su fito a ƙarƙashin fatar ido ta sama, duk ba tare da zafi ba a farko. Ranar dubawar a je da lens ɗin a ido, ya yi aƙalla awa 2 a ciki, don a ga yadda yake zama bayan ya daɗe, a kuma riƙe tabarau don a sa bayan an cire.